Motar Manuwal Da Aka Yi Wa Sauye-sauye Tana Mutuwa A Silo: Yadda Za Ka Gano Inda Matsalar Take

Ka taho daga Samaru, ka iso Kwangila ka tarar da cunkoso, ka taka kuloci domin ka rage giya, sai allurar inji ta gangara ƙasa, fitilun dashbod suka kama gaba ɗaya, mota ta yi tsit. Masu keke na bayanka suna ta danna hon, kai kuma kana ta murza makulli. Wannan ita ce matsalar da aka fi tare ni da ita, kuma kusan duk mai tambayar idan na bi diddigi sai in tarar motarsa ba yadda kamfani ya ƙera ta take ba. Wani an sauya masa inji da na Beljiyam, wani otomatik ce aka mayar manuwal, wani Golf ce aka cire mata injekta aka ɗora kafireto, wani an cire tamostat an haɗa fanka kai-tsaye, wasu kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 suka sa tukunyar gas.

Irin wannan motar ba a bincikenta kamar wadda ba a taɓa ba. Kuskuren da ya fi cinye wa mutane kuɗi shi ne sayen kaya kafin gwaji: yau fulogi, gobe kwayil, jibi famfon mai, mota na nan yadda take. Bi matakan nan a jere. An faro ne da waɗanda ba sa cin ko sisi.

Kayan da za ka tanada

Sifana mai lamba 8 da 10 da 12, sukudireba iri biyu, filaya, sifanar fulogi, mitar gwada wuta, tocila, tsumma mai tsabta, tsohon buroshin goge baki, gwangwanin feshin wanke kafireto, da ƙaramar sikana irin ELM327 wadda ake haɗawa da waya. Sikanar nan kuɗinta bai kai na sensa ɗaya mai kyau ba, kuma za ta daɗe tana yi maka aiki. Gejin auna ƙarfin mai da gejin kwamfureshan ba sai ka saya ba, a gareji za ka same su, ka biya kuɗin gwaji kawai.

Kafin ka buɗe bonet: giya a firi, hambirki a ja, dutse ko katako a gindin taya. Kada ka bar inji yana aiki cikin rufaffen gareji. Idan babbar riga ce a jikinka ko mai faɗin hannu, tuɓe ta, domin bel da fanka ba sa tambaya.

1. Fara da sanin lokacin da take mutuwa

Ɗauki kwana biyu kana lura kafin ka taɓa komai. Injin fetur mai fistin huɗu idan ya ɗumama, silonsa, ma'ana juyin da yake yi ba a taka totur ba, yakan zauna tsakanin juyi 650 da 850 a minti, wato allura tana ƙasa kaɗan da lamba 1. Da sanyin safiya ya tashi 1,200 ko sama da haka na 'yan mintuna sannan ya sauko a hankali. Wannan lafiya ce. Abin da kake nema shi ne yanayin da ya sa ta kauce wa hakan.

Idan da safe kawai take mutuwa, da ta yi zafi ta daidaita, hankalinka ya tafi kan sensar zafin ruwa, bawul ɗin silo, ko cok idan kafireto ce. Idan sai ta yi zafi take yankewa, ta ƙi tashi sai ta huce minti goma ko ashirin, sensar karanshaf ce ta farko a zargi, sai kwayil, sai famfon mai. A tsofaffin Honda na shekarun 1990 ƙara da babbar rilen da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda dalmarta ke tsagewa da zafi. Idan kuma sai ka kunna esi, ko fitila, ko ka murza sitiyari har ƙarshe allura ke faɗuwa, to inji ya kasa ɗaukar ƙarin nauyi ne, ka duba bawul ɗin silo da caji. Idan taka birki ke girgiza ta, sabon birki (servo, tukunyar da ke ƙara wa birki ƙarfi) ne ke shan iska. Idan sai ka taka kuloci kana cikin tafiya, mataki na 9 naka ne, amma kada ka tsallake sauran.

Lura kuma da yadda take mutuwar. Wadda ta yi tari, ta yi jijjiga, ta ja numfashi sannan ta mutu, matsalar mai ce ko iska. Wadda ta ɗauke ɗif kamar an murɗe makulli, matsalar wuta ce. Wannan bambancin kaɗai ya raba maka aikin gida biyu.

2. Rubuta duk abin da aka sauya

Samu takarda ka jera duk abin da aka yi wa motar da lokacin da aka yi shi, har da abin da kake ganin bai kai a ambata ba: sabuwar rediyo da amfilifaya, filtar iska mai kan zunguru da aka sa a madadin akwatin kamfani, salansar da aka yanke, indomin salansa (matatar hayaƙin da ke cikinta) da aka fasa aka sayar, na'urar kashe mota ta hana sata. Sai ka tambayi kanka tambaya ɗaya: wane aiki aka yi na ƙarshe kafin matsalar ta fara? Sau da yawa amsar na nan.

In hannu na biyu ka sayi motar, duba da idonka. Soket da ke lilo ba a jona shi ko'ina ba, wayoyin da aka murɗa aka naɗe da salatif, tiyon da aka toshe da ƙusa ko tsohon fulogi, duk shaidar hannun da ya wuce ne. Ɗauki hotonsu da waya.

Idan an sauya inji, karanta lambar da ke jikin bulok ka kwatanta da lambar da ke jikin burenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Inji mai 1.8 da burenbos na 1.6 za su iya tashi tare, mota ta yi tafiya, amma lissafin man ba zai taɓa zama daidai a silo ba. Haka nozul na wani inji da aka cusa don ya shiga ramin.

Gargaɗi a nan: kada ka bari a ɗaga maka silo da sukurun totur. Shi ne abin da yaran gareji suke fara yi, “Oga bari in ƙara mata silo kaɗan.” Sukurun nan kamfani ya saita shi, sensar totur da shi take gane cewa ka ɗaga ƙafa. Da an murɗa shi burenbos ya daina sanin mota na silo, matsala ɗaya ta zama biyu, ga shan mai.

3. Batir, caji da wayar negetif

Mota a kashe, sa mita a kan batir. Lafiyayye zai nuna bolt 12.4 zuwa 12.6. Tayar da ita, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Kunna fitila da esi da fanka ka sake dubawa. Idan ya gangaro ƙasa da 13 ya zauna can, altaneta ba ta ciyar da motar yadda ya kamata, ko bel ya saki.

Sai ka bi wayoyin negetif: daga batir zuwa bodi, daga bodi zuwa inji ko giyabos. Duk motar da aka taɓa sauke wa inji ko giya, a nan ake yawan mantuwa. Wani lokaci wayar tana nan amma an ɗaure ta a kan fenti ko tsatsa. Gwajin mai sauƙi ne: inji na aiki, fitilu a kunne, ɗora bakin mita ɗaya a kan negetif na batir, ɗayan a jikin inji. Idan ya wuce 0.2, kwance ka kankare wurin har ƙarfe ya yi haske, ka mayar ka ɗaure tamau. Akwai kuma 'yan siraran wayoyi da ake ɗaurewa a jikin manifol (bututun da ke raba wa fistin iska) ko kusa da gidan tamostat, na burenbos ne. Ɗaya ta saki, sensoshi duka su riƙa ba da labarin ƙarya.

Kada ka cire kan batir inji na aiki wai don gwada altaneta. Dabarar zamanin 504 ce, a motar da ke da burenbos tana iya ƙona shi.

4. Jona sikana, amma kada ka tsaya a kan lamba

Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Waɗanda suka girmi haka, irin Golf 3 na farko-farko, sai sikanar gareji da ta san yarensu. Idan fitilar cek ba ta kamawa ko da ka murɗa makulli kafin tayarwa, ko dai ƙwanta ya ƙone, ko wani ya cire shi don kada mai saye ya gani.

Lambobin da suka shafe mu: P0171 iska ta rinjayi mai, P0172 mai ya yi yawa, P0300 zuwa P0304 fistin na tsallake wuta, P0505 zuwa P0507 tsarin silo, P0100 zuwa P0103 sensar iska, P0115 zuwa P0118 sensar zafin ruwa, P0120 zuwa P0123 sensar totur, P0335 sensar karanshaf, P0500 sensar gudu. Rubuta su kafin ka goge. Kuma lamba ba ta ce ka sayi sensa ba, ta nuna maka unguwar da za ka bincika ne. Waya da ta yanke da sensa da ta mutu lamba ɗaya suke bayarwa.

Abin da ya fi lambobin amfani shi ne karatun da sikana ke nunawa inji na aiki. Da safe kafin ka tayar, zafin ruwa da zafin iska su zo kusan ɗaya. Idan ruwa ya nuna 40 ƙasa da sifili, waya ta yanke ko an zare soket. Bayan tafiyar minti goma sha biyar ya kamata ya haura 80. Idan ya maƙale a 55 ko 60, an cire tamostat ko ta maƙale a buɗe, kuma burenbos zai ci gaba da zuba mai kamar inji bai ɗumama ba, fulogi su yi baƙi, silo ya lalace. Na san hujjar da ake kawowa, wai ƙasarmu zafi gare ta. Wanda ya fito da asuba a Zariya cikin watan Janairu ya san ba kullum ba ne, kuma ko a bazara lagireto mai tsabta ke hana inji tafasa. Mayar da tamostat, a mayar da fanka kan suwic ɗinta.

Idan motarka mai sensar MAP ce, wato mai auna ƙarfin iskar cikin manifol, makulli a kunne inji a kashe za ta nuna wajen 93 ko 94 kPa a nan Zariya, saboda garin ya haura mita 600 daga gaɓar teku. Kada wani ya ce maka ta lalace don ba ta kai 100 ba. A silo ta sauko tsakanin 28 da 40.

Sai gyaran mai, wato ƙari ko ragin man da burenbos ke yi, wanda sikana ke rubutawa STFT da LTFT. Haɗa su biyun. Idan jimlar ba ta wuce 10 sama ko ƙasa ba, lafiya. Idan ta kai +15 ko +20 a silo, ka taka totur zuwa 2,500 ta sauko kusa da sifili, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Idan kuwa sai ka taka take ƙaruwa, mai ne ba ya isa, ko sensar iska ta yi datti.

5. Neman iskar sata

A nan nake so ka fi ɓata lokaci, domin a motocin da aka taɓa, nan matsalar ta fi ɓuya. A silo ƙofar totur a rufe take, iskar da inji ke sha 'yar kaɗan ce kuma a lissafe. Tsaga kamar ta bakin reza a tiyo ta isa ta rikita lissafin, alhali a kan titi da gudu ba za ka ji komai ba.

Fara da babban tiyon roba da ya taso daga filtar iska zuwa totur. Kwance shi gaba ɗaya, ka lanƙwasa shi a rana ka duba cikin lungunan. Tsagar yawanci a ƙasa take, inda ido ba ya kaiwa. Sai ƙananan tiyoyi ɗaya bayan ɗaya: na sabon birki, na numfashin inji da ya fito daga murfin bawul, na regileta mai daidaita ƙarfin mai, na gwangwanin tururin mai. Matse kowanne da filaya a hankali inji na silo. Wanda ka matse sautin inji ya sauya sosai ya daidaita, bi shi har ƙarshensa. Na regileta kuwa zare shi ka sansana, in da fetur a ciki regileta ta fashe tana ɗura wa inji mai.

Don sabon birki: kashe mota, taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, riƙe shi a take, tayar da mota. Ya kamata feda ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. Idan ba ta motsa ba, ko kana jin huci kamar na maciji ta wajen feda, sabon ko tiyonsa ya tafi.

Gaskit ɗin manifol da robobin gindin nozul su ne na ƙarshe. Masu sauya inji sukan mayar da tsohon gaskit su shafe shi da gam, bayan wata biyu gam ɗin ya bushe ya buɗe. Ana gano shi ta hanyar fesa feshin kafireto kaɗan-kaɗan a mahaɗar, in silo ya motsa ka samu wurin. Hattara: feshin nan wuta ne. Yi shi inji bai yi zafi sosai ba, nesa da salansa da wayoyin fulogi, da abin kashe gobara a kusa. Ni na fi son ruwa a kwalbar feshi, yana nuna tsaga babba ba tare da haɗari ba.

Idan motar na da bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, duba ko gawayi ya hana shi rufewa. Wanda ya maƙale a buɗe yana kashe mota a silo kamar an shaƙe ta. Masu turbo kuma da suka sa bawul mai fesar da iska waje don jin wannan sautin, in motarku mai sensar MAF ce (mai auna yawan iskar da ke shiga inji), iskar da kuka zubar an riga an lissafa mata mai, shi ya sa take shaƙewa da kun ɗaga ƙafa. A mayar da bawul mai maida iskar ciki.

6. Wanke totur da bawul ɗin silo

Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai sukan haɗu su yi wani baƙin kaɓe a gefen ƙofar totur, daidai inda iskar silo ke ratsawa. Kwance tiyon, fesa feshin a tsumma, goge bakin da bayan ƙofar har ƙarfe ya fito. Idan totur mai kebul ne, akwai bawul ɗin silo a jikinsa ko kusa da shi mai soket. Kwance shi, wanke inda iska ke bi, kada feshi ya shiga ɓangaren wuta, bar shi ya bushe. Duba kebul ɗin kuma, ya kasance da ɗan sassauci, kada ya ja ƙofa.

Idan totur na lantarki ne, makulli ya kasance a cire kafin ka sa yatsa, kuma kada ka banƙare ƙofar da ƙarfi.

Sensar MAF tana da nata feshin daban. Kada a taɓa siririyar wayarta da tsinke ko buroshi, kada a wanke ta da fetur. Filta mai kan zunguru da ake shafa wa mai ita ke ɓata ta, kuma a ƙurar garin nan ban ga amfanin wannan filtar ba ban da ƙara. In akwatin kamfani na nan a ajiye, mayar da shi ka gwada kwana biyu.

Bayan wanki ko cire batir, burenbos sai ya sake koyon silo. Kashe esi da fitila da rediyo, bar inji ya ɗumama har fanka ta kama, sannan ka bar shi yana silo minti goma ba ka taɓa totur ba. Wasu motocin, irin Volkswagen da Nissan masu totur na lantarki, suna da nasu tsarin, yawanci da sikana ake yi. Mutane da dama sun sayi sabon totur saboda tsallake wannan.

7. Mai

Murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya. Za ka ji famfo ya yi gurnani na daƙiƙa biyu ya tsaya. Jin ƙarar ba ya nufin ƙarfinsa ya kai, kuma zare tiyo a ga mai ya yi tsartuwa ba gwaji ba ne. Sai an sa geji. Yawancin injina masu nozul huɗu suna aiki ne da wajen bar 3 (bar shi ne ma'aunin da ke jikin gejin). Golf 3 mai nozul ɗaya a sama, wajen bar 1. Kafireto kuwa bai wuce 0.2 zuwa 0.35 ba. Famfon da bai dace da tsarin ba zai tayar da mota, amma ba za ta zauna lafiya ba.

Kafin a kwance layin mai, cire fiyus ɗin famfo ka bar mota ta mutu da kanta, domin layin na riƙe da ƙarfi. Babu sigari, babu waya mai tartsatsi.

Sauya filtar mai in ba ka tuna ranar da aka sauya ta ba, arha gare ta. Idan matsalar ta fara ne bayan ka sha man galan a hannun 'yan bumburutu, ko bayan ruwan sama mai ƙarfi, tsiyayo mai kaɗan cikin kwalba mai haske ka ajiye minti biyar. Ruwa zai kwanta a ƙasa ka gan shi ƙarara. Wankin nozul sai bayan duk wannan, kuma a yi shi a kan na'urar da za ka ga feshin kowanne da idonka.

8. Fulogi da kwayil

Kwance fulogi huɗun ka jera su yadda suke a inji. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya. Baƙi mai gari, mai ya yi yawa. Fari fat, iska ta yi yawa. Jiƙe da baƙin mai, ringi ko robobin bawul. Ɗaya ya bambanta da sauran, matsalar ta wannan fistin ce kaɗai. Tazarar baki a yawancin motoci 0.8 zuwa 1.1 ce ta milimita.

Mai kwayil huɗu, sauya wa wanda ake zargi wuri da maƙwabcinsa, in lambar ta bi shi daga P0302 zuwa P0303 ka kama shi ba ka kashe ko kwabo ba. Mai distiributa, buɗe murfin ka duba tsaga da laima, sannan a duba tayimin da fitilarsa, ba da kunne ba. Jerin wutar yawancin masu fistin huɗu 1-3-4-2 ne.

9. Kuloci, giya, da motar da aka mayar manuwal

Tsaya wuri ɗaya, giya a firi, inji ya yi zafi. Taka kuloci har ƙasa kana kallon allura. Ɗan motsi kaɗan ba komai. Idan ta faɗi sosai ko mota ta mutu, wani abu na danne inji. Ƙara kamar niƙa da ke zuwa da takawa, rilis boris ne, wato boris ɗin da ke danna kuloci. In babu ƙara, kashe mota, sa ƙarfe a bayan fulin karanshaf ka tura gaba da baya. Wasan da ya halatta bai kai rabin milimita ba, da ƙyar za ka ji shi. Idan ka ga yana motsi da ido har da ƙwas, wasoshin da ke tare karanshaf sun cinye. Ajiye motar nan take, ci gaba da hawa zai cinye bulok.

Idan a firi lafiya take amma da ka sa giya ɗaya, kuloci a take, sai ta nemi jan jiki ko ta mutu, kuloci ba ya saki gaba ɗaya. Duba man kuloci, a fitar da iska, ko a daidaita kebul. Giyar baya da ke ƙara wajen shiga shaida ce.

Sai babbar matsalar waɗanda aka mayar manuwal. Na sha ta da kaina a wata Civic da na saya an riga an yi mata aikin. A tsaye silonta kamar agogo, amma da na taho da gudu na taka kuloci, allura ta zarce ƙasa ta mutu. Mun sauya fulogi, mun sauya bawul ɗin silo, mun sauke tanki, ashe an bar jaki ana dukan taiki. Wani dattijon mai wayarin a Sabon Gari ya zauna a kujerar direba, bai ko buɗe bonet ba, ya ce, “Malam, allurar gudun nan tana aiki kuwa?” Na ce tun da na saye ta ba ta taɓa motsi ba. Ya ce, “To ai ga ciwon nan.” Soket ɗin sensar gudu na rataye a bayan giyabos, ƙura ta cika shi. Burenbos bai san mota na tafiya ba, don haka ba ya shirya tare inji idan juyi ya gangaro. Ya gyara wayoyi uku, magana ta ƙare.

Saboda haka duba abu uku. Sensar gudu tana kai saƙo, sikana ta nuna gudu kana tafiya. Burenbos na manuwal ne ko na otomatik aka bari: na otomatik yana jiran saƙon fakin da firi, yana kuma neman sassan giyar da babu su, shi ya sa lambobi masu farawa da P07 ke fitowa. Haɗa wayoyi don a yaudare shi yakan yi aiki rabi da rabi, gyaran gaskiya shi ne burenbos na manuwal mai dacewa da injin, tare da makullinsa in motar mai imobilaiza ce, wato tsarin da ke gane makulli kafin ta tashi. Na uku, suwic ɗin fedar kuloci in tsarin motar na da shi. Idan kuma fulayiwil mara nauyi aka sa, juyi zai riƙa faɗuwa da sauri fiye da yadda burenbos ya saba, a nan ne kaɗai nake yarda a ɗan ɗaga silo, kuma ta sikana ko saitin burenbos.

10. Masu kafireto da masu gas

Golf da aka mayar kafireto, fara da robar da kafireton ke zaune a kai. Girgiza shi da hannu inji na silo, in sauti ya sauya robar ta tsage. Sai 'yar sulenoyid ɗin silo: murɗa makulli ka zare wayarta ka mayar, ya kamata ka ji ƙyas. In babu wuta ko ta mutu, motar za ta yi gudu amma ba za ta taɓa riƙe silo ba. Hura jet ɗin silo da iska, kada a zura masa waya, ramin zai faɗaɗa. Warin fetur da baƙin hayaƙi da mai na malala a maƙogwaron kafireto na nufin an bar famfon injekta yana tura mai fiye da ƙarfin fulot.

Mai gas kuwa, mayar da ita fetur ka yi yini guda. In lafiya take a fetur, yawanci inji ba shi da laifi, koma wurin waɗanda suka haɗa su duba filtar gas, ridusa (mai rage ƙarfin gas) da saitin kwamfutarta. Taɓa tiyoyin ruwan da ke shiga ridusa, su kasance da zafi. Gas ya fi fetur neman wuta mai ƙarfi, fulogin da ke lallaɓawa a fetur zai tona kansa a gas. Kada ka kwance komai a layin tukunya, ƙarfin cikinta ya kai bar 200.

11. In duk an bi ba a samu ba

Yanzu ne lokacin gejin kwamfureshan. Inji da ɗumi, fiyus ɗin famfo a cire, totur a buɗe. Bambanci tsakanin fistin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. A duba alamomin tayimin, bel da ya tsallake haƙori ɗaya na ɓata silo. Injinan da ake saita wa bawul da hannu, irin Honda da yawa, a auna tazarar, bawul da ya matse yana kashe mota idan ta yi zafi. Idan indomin salansa na nan kuma mota ba ta da ƙarfi a hawa, a gwada ko ya toshe kafin a yi maganar fasa shi.

Duk abin da ka gyara, gyara ɗaya ka gwada kafin ka taɓa na biyu, kuma ka karɓi tsohon kayan da aka cire ka ajiye a but. Gwajin ƙarshe a titi ake yinsa: inji ya yi zafi, esi da fitila a kunne, ka kama hanyar Shika ka kai giya huɗu, ka taka kuloci ka bar ta ta gangara har ta tsaya. Maimaita sau biyar. Allura ta sauko ta ɗan dakata wajen 1,000 sannan ta zauna a mazauninta. Washegari da asuba ka sake tayar da ita da sanyi ba tare da ka taɓa totur ba, sannan ka jona sikana ka ga ko wata lamba ta dawo.